Abin da duba masu cutar Parkinson ya koya mini

Mai rawar hannu yakan zo asibiti da tsammanin za a ɗebi jininsa ko a ɗauki hoton kansa, sakamako ya fito ya raba gardama. Cutar Parkinson ba ta ganuwa ta nan. Tun 1817 da James Parkinson ya bayyana ta a Landan, ido da hannun likita ne kan gaba, kuma wannan ne darasin da ya fi zauna mini.

Babban likitan da na koyi aiki a ƙarƙashinsa ba ya fara kallon rawar. Nawar motsi yake nema, domin in babu ita ba a kiran abin Parkinson, ko da hannu na karkarwa. Sai ya ce, "Baba, haɗa babban yatsa da manuniya, ka buɗe ka rufe da sauri." Farko yatsun sukan buɗe sosai, can sai buɗewar ta riƙa raguwa har ta kusa tsayawa. Ya sa mutum ya taka zuwa ƙofa ya dawo, yana lura da hannun da ya daina lilo. Ya miƙa masa biro, rubutu ya fara da girma ya ƙare ƙanana. Rawar kanta takan fara a gefe guda, tana tashi in hannu na hutawa, ta lafa in an miƙa shi ɗaukar abu. Wadda ke tsananta lokacin ɗaga kofi sau da yawa wata larura ce daban.

Tambaya ma na da nata rabon. Daina jin ƙamshi, taurin bayan gida, da naushi ko ihu cikin mafarki kan riga rawar da shekaru, kuma abokin kwana ne ya fi sanin na ƙarshen. Dole a bincika magungunan da mutum ke sha, don metoclopramide na amai da haloperidol na taɓin hankali suna toshe aikin dofamin, sinadarin ƙwaƙwalwa mai daidaita motsi, su kawo alamu irin na Parkinson.

Hoton ƙwaƙwalwa na MRI kuwa, aikinsa kawar da zargin shanyewar ɓarin jiki ko taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa ne. In mai ƙananan shekaru ne, a yi gwajin cutar Wilson, wadda ake gada kuma take tara sinadarin tagulla a jiki.

Ba na son gaggawar yanke hukunci a zuwan farko. Ana ba da levodopa, maganin da ke ƙara dofamin a ƙwaƙwalwa, a ga ko jiki zai saki. Wanda bai ji sauƙi ba, ko ya fara yawan faɗuwa da wuri, ko idonsa ya kasa kallon ƙasa, sai a koma a sake lissafi, domin akwai cututtukan da ke kama da Parkinson amma tafiyarsu ta fi sauri.