Ragin kashi 20 da ya cinye mana riba

Atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari, ni da yara biyu a shago. Mai wucewa gani yake aikinmu bai wuce ɗaga turmi a nuna wa mai saye ba, alhali rabin yinin a lissafi yake tafiya.

Ana saura mako biyu ƙaramar Sallah na sari wata atamfa a kan naira 8,000 turmi, muka sa mata 10,000. Ribar 2,000 ke nan, kashi 25 cikin 100 na uwar kuɗi. Na fita sallar azahar, sai ga wata Hajiya 'yar sari daga Maraɗi, ta ce turmi 50 za ta ɗauka in za a yi mata ragin kashi 20. Babban yarona ya lissafa a ransa: 25 a cire 20, saura 5. Ya sallama.

Da na dawo ya tare ni da murna: "Alhaji, an kwashe rabin kayan nan!" Na karɓi takardar na duba, jikina ya yi sanyi. Kashi 25 ɗinmu a kan 8,000 aka gina shi, nata kashi 20 kuwa daga 10,000 aka cire. Kashi 20 na 10,000 shi ne 2,000 cif, wato ribar gaba ɗaya. Turmi 50 sun fita a kuɗin sari, ga kuɗin dako daga aljihuna. Ban yi masa faɗa ba. Yaro ne mai amana, ni ne ban taɓa zaunar da shi na nuna masa ba.

Tun ranar, duk wanda ya ambaci kashi kaza a shagona, tambayar farko ita ce: na nawa? Har dillali sai mun tsayar da la'adarsa, a kan jimlar ciniki ce ko a kan riba, kafin a ɗaga kaya.

Na kuma koya musu yadda mahaifina ke yi ba kalkuleta. Ka cire sifili ɗaya, ka sami kashi 10. A 200,000, 20,000 ne. Raba shi biyu, kashi 5 ya fito, 10,000. Sake rabawa, 5,000, kashi biyu da rabi, wato ɗaya cikin arba'in da ake fitarwa zakkar dukiyar kasuwanci idan ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Haɗa biyun nan na ƙarshe, 15,000, ka sami VAT, harajin da gwamnati ke ɗorawa a kan kayan da aka saya, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a watan Fabrairun 2020.

Yanzu kowace haja da ta shigo, a bayan littafi nake rubuta ƙarshen farashinta da naira. Wanda ya taya ƙasa da haka, ko turmi ɗari zai ɗauka, yaran sun san amsa: "Albarka, Hajiya."