Daga Gombe zuwa tudun Biu

Ranar Asabar muka cika mota guda, mu tsofaffin mawaƙan coci, wasu rabonmu da haɗuwa tun ƙuruciya. Kafin Dadin Kowa har Mama ta ɗaga waƙa, muka amsa.

Da muka hau tudun Biu sai mota ta yi tsit. Baƙaƙen duwatsu ko'ina, manoma sun jere su a gefen gona. Wuta ce ta amayo su tun zamanin da. Muka tsaya a Tafkin Tila, ruwa kwance lumui cikin bakin dutsen da ya taɓa aman wuta. Baba Dattijo ya ce, "'Ya'yana, mu yi addu'a." Da ya fara kiran sunayen waɗanda suka riga mu tafiya, hawaye suka kubce mini.