Aikin binne wayar faiba a Legas, yadda na gan shi daga cikin rami

Sana'ata haɗa wayar faiba, wadda ke ɗauko intanet ta cikin zaren gilashi. Da diga da shebur na fara, kamar yawancin 'yan Arewa da ke wannan harka a Legas, kafin wani maigidana Bayarabe ya koya mini riƙe na'urar haɗi. A ƙarƙashin ɗan kwangila na yi aiki lokacin da gwamnatin jihar, da haɗin gwiwar kamfani mai zaman kansa, ta shiga binne bututun bai-ɗaya da aka tsara zai kai kilomita 3,000 a zangon farko.

Legas ba ta rasa intanet a bakin teku ba. Wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 sun fara aiki tun 2010, Equiano ta Google ta iso a 2022. Wahalar tana tsakanin gaɓar teku da shagon mai POS a Agege. Waya ba ta da tsada. Rami ne ke cin kuɗi, da izinin haƙa, da gyaran kwaltar da aka fasa. A da kowane kamfani nasa ramin yake haƙawa, titi ɗaya a yi ta farke shi. Sabon tsarin shi ne a haƙa sau ɗaya, a binne bututu mai ƙananan bututai a ciki, duk kamfanin da ke so ya yi hayar guda ya hura wayarsa da iska. Ni dai ina ganin nan ne hannun gwamnati ya dace, tunda titin ma nata ne. An ga alamar haka a Yaba a 2013, da jihar ta yafe kuɗin izini aka shimfiɗa faiba, ƙananan kamfanonin fasaha suka yi ta tarewa a wurin.

Ƙasar Legas ba ta Kano ba ce. A wasu unguwanni kafin rami ya kai ƙugu ruwa ya tsattsafo, da damina kuwa sai an kwashe ruwan kwata daga ramin dubawa kafin a taɓa komai. Bayan wannan ƙazanta kuma haɗa zaren tsabta yake so. Zaren bai wuce kaurin gashi ba. Ka feɗe rigarsa, ka goge da sifirit, ka yanka, ka jera bakin biyu a na'ura ta narka su. Ƙura ɗaya ta hau, a sake daga farko.

Abin da ya fi cin raina yanke wayar da muka binne. Katafilar masu gyaran hanya ta tumɓuke aikin wata guda kafin azahar, don babu wanda ya nuna wa direban taswira. Sai kuma masu tono waya da dare suna zaton jan ƙarfe ne. A wata unguwa sai da na ɗauki guntun waya na je wurin wani dattijo da 'yan bola jari ke sayar wa kaya, na fasa ta a gabansa na ce, "Baba, duba da kanka, gilashi ne, ko sisi ba za ta yi a sikeli ba." Ya jujjuya ta, ya kira yaransa ya nuna musu. A layin nan dai an samu sauƙi. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa, amma mai gadin layi da mai shayin bakin titi su ke fara ganin wanda ya zo da diga, don haka lambata nake bar musu.

Har yanzu akwai shagunan da bututun ya wuce ta ƙofarsu, masu su kuwa da datar waya suke aiki. Wani Alhaji mai tura kuɗin fataken shanu ya tare ni ya ce, "Malam, tun yaushe kuka binne abin nan, ina tawa?" Na ce masa sai wani ƙaramin kamfani ya yi hayar bututun ya ja waya zuwa layinsu, shi kuma ba zai zo ba sai kuɗin hayar ya yi daidai da aljihunsa kuma ya ga masu biya. Yanzu Alhajin yana bin 'yan layin shago-shago yana rubuta sunayen waɗanda za su iya biyan kuɗin wata.