Sana'ar Saukar Baƙi a Jamus

Ƙaramin kamfani nake da shi a kudancin Jamus, sana'armu kuwa saukar baƙi. Asibiti ko gidan kula da tsofaffi zai ɗauko ma'aikatan jinya daga wata ƙasa, ko masana'anta ta ɗauko injiniya, sai a ba mu kwangilar tarbo su da zaunar da su. Tun da dokar shigowar ƙwararrun ma'aikata ta fara aiki a watan Maris na 2020, irin wannan kwangila ta ƙaru a wurinmu. Ba mu da yawa: ni, da masu tafinta, da wata baiwar Allah mai kula da takardu.

Takardun ba su ne ke ba mu wahala ba. Doka ta ba mutum mako 2 ya yi rajistar adireshinsa a ofishin gari, riƙe da shaidar mai gida. Sai asusun banki da inshorar lafiya, lambar haraji kuma ta biyo shi ta gidan waya. Duk wannan hanya ce a shimfiɗe. Inda ake gumi shi ne abin da ba a rubuta a fom ba, don baƙo ko da ido makaho ne.

Shi ya sa ranar da mutum ya karɓi makulli nake zagaya gidan da shi, daga ƙofar shiga har ɗakin ƙasa. Mukan fara da liƙa sunansa a jikin akwatin wasiƙa da ƙararrawa. A yawancin gidajen haya a nan, da suna mai raba wasiƙa yake aiki, ba da lambar ɗaki ba. In bai ga sunan ba, katin banki ya koma inda ya fito. Daga nan sai wurin shara. Nakan buɗe masa murfin kowane kwando ya leƙa da idonsa: shuɗi na takarda, rawaya na ledoji da gwangwani, sannan na ragowar abinci da na sauran tarkace. Kwalaba tana da nata manyan akwatuna a bakin titi, fara daban, koriya daban, mai ruwan ƙasa daban, kuma ba a jefa ta da dare ko ranar Lahadi saboda ƙara.

Ƙara ita ce uwar rigima. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, haka ma Lahadi da ranakun hutu. Wanda ya taso daga aikin yamma, kewar 'yan'uwa ta dame shi, ya fita baranda yana hira ta bidiyo da ƙarfe 11, bai san duk benen yana jin sa ba. A wannan yanki namu na Suwabiya kuma akwai makon shara: wani ɗan allo ke yawo daga ƙofa zuwa ƙofa, wanda aka rataya wa shi ne zai share matakala a makon. Na sha ganin baƙo ya ɗauka ado ne.

Abin da ya fi damuna shi ne sau da yawa ba wanda zai tare shi ya ce masa ya yi kuskure. Sai dai ya tarar da takarda a ƙofa, ko ƙorafi ya tafi wurin mai gida. Shi kuma ya ɗauka an tsane shi, ya janye jiki, abu ya daɗa lalacewa. Don haka na mayar da shi ƙa'idar kamfani: a makon farko, mu raka mutum ya ƙwanƙwasa ƙofar na sama da na ƙasa da na gefe, ya faɗi sunansa, ya ce yana aikin dare wani lokaci, in an ji wani abu a yi masa magana. Minti biyu ne, amma maƙwabcin da ya san fuskarka zai zo gare ka kafin ya je wurin mai gida.

Muna koya musu kiran mutum da sunan danginsa har sai shi da kansa ya ce a sassauta, da gaida jama'a in an shiga ɗakin jiran likita, da buga waya kafin kai ziyara. In an ce ƙarfe 9, a iso saura minti biyar. In ba za a samu zuwa ba, a kira a soke tun da wuri. Nakan kuma gaya musu cewa in shugabar sashe ta ce aikin nan bai yi ba, aikin take nufi, gobe za ta gaishe ka kamar yadda ta saba.

Sai dai ba kowane ɗaure fuska nake yarda a kira al'ada ba. Akwai wariya, kuma tun 2006 akwai dokar da ta hana nuna bambanci saboda asali ko addini a wurin aiki da neman haya. In abokin hulɗarmu ya kawo kuka, nakan zauna da shi mu tantance: wannan sabon wuri ne, wannan kuwa zalunci ne. Na farkon mu gyara shi a gida. Na biyun mu rubuta abin da ya faru da rana da lokaci, in raka shi ofishin ba da shawara kan wariya, ko da wa'adin kwangilarmu da mai ɗaukarsa aiki ya cika.