Babbar riga a daren ado na jirgin ruwa

Ɗiyata da ke aikin jinya a Marsei ta ƙasar Faransa ita ta saya mana tikitin, ni da mahaifiyarta, bayan na ajiye aiki. Irin manyan jiragen ruwan nan ne na yawon shaƙatawa da ke zagaya Bahar Rum: a tashi daga Marsei, a taɓa Jenowa, a gangara gaɓar Italiya har tsibirin Sisili, a juyo ta Basalona a dawo inda aka fito. Da take lissafa mana abin da za mu ɗauko ta waya, sai ta ce, "Baba, akwai daren da ake cin ado, amma yanzu ba dole ba ne. Kada ka wahalar da kanka, riga da wando masu tsabta sun isa." Na ce mata to. A raina kuwa na riga na yanke hukunci. Mutumin Garwa ta Kamaru ba ya jin an ce ga daren ado ya bar gandurarsa, wato babbar rigarsa, a gida.

Rigar da na zaɓa shadda ce ta Getzner, wadda ake saƙawa a Ostiriya, ruwan sararin samaniya, da aikin aska takwas a ƙirji. Na kai ta wurin masu bugu suka daka ta a kan gungume har tana ɗaukar ido, suka naɗe ta tsaf. Kafin in sa ta a akwati na bi ta wurin wani abokina mai sayar da hatsi muka ɗora ta a sikeli, ita da 'yar ciki da wando. Suka kusa kilo huɗu. Kamfanin jirgin sama kuwa kilo 23 ya yarda wa akwati, ga tsarabar da Hajiya ta haɗa wa jikoki, ga kilishi da aka ce ba a shiga da shi Turai muka sauke. Tun a nan na fara gane dalilin da ya sa Turawa da kansu suka gaji da ɗaukar kwat da takalmin sau-ciki don dare ɗaya tak. Da yawa daga masu hawa waɗannan jiragen sai sun fara hawa jirgin sama kafin su isa tashar ruwa, kuma kowane kilo da kuɗinsa.

Al'adar cin ado a jirgi ta samo asali ne tun zamanin da jirgin ruwa ne kaɗai hanyar ƙetare Tekun Atilantika. Masu kuɗin da ke ɗakunan daraja ta ɗaya sukan sake shiga kowane maraice kafin su zauna cin abinci, maza da baƙar kwat da ƙullin malam-buɗe-littafi a wuya, mata da dogayen riguna har ƙasa. A 1958 jiragen sama masu injin jet suka fara jigilar fasinja tsakanin Turai da Amurka, tafiyar kwanaki ta koma ta sa'o'i, kasuwar jiragen ruwa ta soma mutuwa. Jirgin ruwan nan mai suna France, da muka riƙa gani a littattafan makaranta muna yara, ya fara aiki a 1962, a 1974 aka ɗaure shi don ba ya mayar da kuɗinsa. A 1979 kamfanin Norwegian ya saye shi ya sa masa suna Norway, ya mai da shi jirgin yawon hutu. Kamfanin nan ne kuma a shekarar 2000 ya fito da tsarin da ya kira Freestyle: ka ci abinci sa'ad da ka ga dama, babu mai tilasta maka kwat. Sauran kamfanoni suka bi sahu a hankali, kowa da irin sassaucinsa. Virgin Voyages, da ya fara ɗaukar fasinja a 2021, bai ma tanadi daren kwat ba tun farko. Wanda ya riƙe tsohuwar hanya da ƙarfi shi ne Cunard, mai jirgin Queen Mary 2 da ke zirga-zirga tsakanin Sawuthamton ta Ingila da Niyok ta Amurka. A can har yanzu in daren ado ya zo, wanda bai shirya ba akwai zaurukan da ba zai shiga ba.

Namu jirgin na tsaka-tsaki ne. Kowane dare akan ajiye takarda a ɗaki mai ɗauke da shirin gobe, a wani lungu an rubuta shigar da ake so da yamma. Shawara ce kawai. Abin da aka hana a babban zauren cin abinci bai wuce kayan wanka da singileti da tafiya ba takalmi ba. A tafiyar mako guda daren ado ɗaya ne ko biyu, kuma ba a sa shi daren farko, don wasu akwatunansu ba su iso ɗaki ba, ba a kuma sa shi daren ƙarshe, don a lokacin kowa ya tattara kaya ya ajiye a bakin ƙofa ma'aikata su kwashe.

Dutsen guga haramun ne a ɗakin fasinja. Babu abin da masu jirgi ke tsoro kamar gobara, in aka ga dutse a akwatinka a wurin bincike za a riƙe shi sai ranar sauka. Akwai masu wanki da guga a cikin jirgin, ana biya da yuro, yuro ɗaya kuwa sefa 656 ne in an cika. Ni ba kuɗin ne ya hana ni ba. Wanda bai taɓa riƙe shadda ba, in ya turara mata tururi ya danna ƙarfe mai zafi a kan aikin zare, shi ke nan ya kashe sheƙin da masu bugu suka sha wahala a kai, kuma babu wurin kai ƙara a tsakiyar teku. Sai na yi abin da muke yi tun muna samari. Na ɗaga katifa, na shimfiɗa rigar a naɗenta tsakanin tawul biyu, muka kwana a kai. Layin naɗi ya fito sak. Bature yana ganin layin naɗi a riga aibi ne, mu kuwa shi ne shaidar rigar daga hannun mabugi take. Hajiya ba ta sha wannan wahala ba. Lafayarta da leshinta ta rataye su a banɗaki lokacin da ruwan zafi ke zuba, duk tamojin ya saki.

Zaman cin abinci kashi biyu ne, na farko da na biyu. Na farkon ya ci karo da magariba, saboda haka muka roƙa aka mai da mu na biyu. Akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa, da ita nake gane alƙibla, don tana iya sauyawa tsakanin la'asar da isha'i. Banɗakin kuwa in ka miƙa hannu biyu ka taɓa bango da bango, don haka alwala da salla da komai sai an gama su kafin a ɗauko riga. Ita ce ta ƙarshe, sai hula zanna, sai turare.

Da muka fito daga lif muka shiga tsakiyar jirgin, inda matakala ke sheƙi masu hoto sun kafa fitilu, sai wurin ya zame mini kamar filin Idi da rabin jama'a suka zo da kayan Sallah, rabi kuma daga gona suka biyo. Ga tsoho da smokin, wato baƙar kwat ta ado irin ta Turawa, farar riga ƙal, yana riƙe da hannun matarsa mai doguwar riga mai walwali. Kusa da su ga wani ƙato da jins da tishat mai hoton ƙungiyar ƙwallo, da silifa. Mafi yawan maza riga mai wuya ce da wando, wasu sun ɗora kwat ba ƙullin wuya. Mata sun fi maza ƙoƙari nesa ba kusa ba, kuma wannan ba sabon labari ba ne ko a bikin unguwarmu. Akwai wasu Indiyawa iyali guda, matan da sari. Babu wanda ya kalli wani da raini, ko dai an iya ɓoyewa.

A bakin zauren na ɗan yi tunanin hula, don na san Turawa na cire tasu in za su ci abinci, kuma a wasu jiragen akan hana hular hana-salla a irin wannan zaure. Shugaban masu hidimar ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ɗan rusuna, ya raka mu har teburinmu da kansa. Kamfanonin jiragen, har da Cunard mai tsanani, suna lissafa tufafin gargajiya na ƙasar mutum a cikin cikakkiyar shiga. Saurayin da ke kawo mana abinci ɗan Indunusiya ne, musulmi. A daren ya sa farar kwat, ya yi mana sallama cikakkiya, ya ce rigar ta tuna masa da ranar Idi a garinsu, wanda watanni ke nan rabonsa da shi. Shi ya riƙa nuna mana abin da ba naman alade ko giya a ciki, kuma da kyaftin ya ɗaga kofi ana gaisuwa, kafin mu tambaya ya ajiye mana ruwan tuffa.

To, amma babbar riga ba don jirgin ruwa aka ɗinka ta ba, wannan gaskiya ce. An ɗinka ta don mai zama a shimfiɗa a zaure, ko mai hawan doki ranar Sallah a ƙofar Lamiɗo. A jirgi tebura a matse suke, kujera na gogar kujera. Hannun riga in ba ka tattare shi ka aza a kafaɗa sosai ba, za ka miƙa hannu ɗaukar burodi ya share kofin maƙwabci. Na lura tattarawa ɗaya ba ta kai ƙarshen miya, sai an yi ta maimaitawa, har Hajiya ta gaji ta ce, "Alhaji, ka ci abincinka, ni zan riƙa miƙo maka." Matakala kuma sai da lura, hannu ɗaya a kan ƙarfe, ɗaya ya ɗage gaban riga, don jirgi kan ɗan yi tangaɗi ba sanarwa. Bayan abinci muka ce bari mu hau sama mu sha iska. Iskar teku ta shiga rigar ta ƙasa ta cika ta, hula ta nemi tafiya Sifaniya ita kaɗai, na cafke ta da ƙyar muka koma ciki. Abin da ta fi kwat da shi shi ne sanyin na'ura. Matan da suka zo da kafaɗa a buɗe suna ta rawar ɗari a zauren wasa, ni kuwa ko a jikina.

Sai maganar hoto. Mutane da yawa sun tsayar da mu, galibi cikin ladabi. Wata tsohuwa 'yar Italiya ta shafa aikin ƙirjin da yatsa tana tambaya ko da hannu aka yi, da na ce eh ta kira mijinta ya zo ya gani. Wani kuma ya tambaye ni ƙarfe nawa za mu fara wasa, a zatonsa ina cikin mawaƙan jirgin. Na ce masa ni ma fasinja ne irinsa, ya ji kunya ya ba da haƙuri. Wanda zai sa kayan gida a irin wannan wuri ya shirya wa duka biyun. Masu hoton jirgin su ne suka fi kowa murna da mu, kuma a ganina su ne ma dalilin da ya sa daren bai mutu gaba ɗaya ba. Ɗauka kyauta ce, karɓa ce da kuɗi, kuma ba wanda ke sayen hotonsa da tishat. Haka masu gyaran gashi da kantin sarƙa da agogo, ranar ce kasuwarsu ke ci. Mun sayi guda ɗaya, kuɗinsa zai ɗinka wa jikana kaftani a Garwa.

Akwai wani Bafaranshe a teburinmu, tsohon malamin makaranta, da ya sa smokin yana ta ƙorafi wai duniya ta lalace, masu jins sun ɓata masa dare. Ban bi shi ba. Mutumin da ya shekara yana ɗaure wuya a ofis, ya tara kuɗinsa ya fito hutu, in ya ce ba zai sake ɗaurewa ba yana da hujja. Mai yara uku da akwati biyu ma haka. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Inda na tsaya shi ne, wanda ba ya son ado akwai wurin ɗibi-da-kanka a bene na sama, abinci iri-iri, ba mai tambayar abin da ka sa. Amma zauren da masu hidima suka sake kaya dominka, masu dafuwa suka fito da abin da suka fi ƙwarewa a kai, shiga cikinsa da silifar wanka rashin ta-ido ne. Mu a gida ba don doka muke sa babbar riga zuwa ɗaurin aure ko suna ba. Ba mai tsayawa a ƙofa ya kore ka, kai ne ka san girman wanda ya gayyace ka. Sassaucin da kamfanoni suka yi bai hana kowa ado ba, tilas kawai ya ɗauke, kuma na ga waɗanda suka yi adon a daren sun fi jin daɗinsa, don da son ransu suka yi.

Da daren ado na biyu ya zo ban sake fito da babbar rigar ba. Na sa kaftani na farar shadda mai ɗan aiki a wuya, da wando da hula da baƙin takalmi sau-ciki. Tarbar da aka yi mini a ƙofa ba ta ragu ba, na ci abincina da hannuna, na hau matakala ba fargaba. Wani maƙwabcina da ɗansa ke Liyon ta Faransa ya zo yana tambayata abin da zai ɗauka in tasa tafiyar ta tashi, na ce ya fara tambayar sunan kamfanin jirgin tukuna. In Cunard ne ya ɗauki babbar riga, don dararen adonsu da gaske suke yi. In irin namu ne, kaftani biyu masu kyau sun ishe shi, farin ma zai yi masa aiki biyu, don wasu jiragen Bahar Rum na da daren da kowa ke sa fararen kaya. Hula kuwa ya ɗauki wadda ta kama kansa sosai.