Godiyata Bayan Dawowa Daga Masar

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yau kwanana shida da dawowa, kuma har yanzu ba a naɗe tabarmar tsakar gidanmu ba saboda masu zuwa barka da sauka. Waɗanda na gani ido da ido na yi musu godiya da bakina. Akwai kuma waɗanda ke nesa, da waɗanda suka yi mini alheri ba su so a sani ba, su ne dalilin wannan rubutu.

Alhamdu lillahi, na kammala zangon karatu na wata biyar a Alƙahira, ƙarƙashin shirin musayar ɗalibai tsakanin jami'armu da wata jami'a a can. Mu bakwai aka ɗauka daga sashen Larabci, mata biyu, ni kaɗai ce 'yar ƙauye daga ƙasar Auyo.

Bayan Allah, godiyar farko ta Baba ce. Ranar da sunana ya fito, magana ta riga ni isowa gida. An faɗi abin da aka faɗa a kan 'ya mace da ƙasar waje, ba na son maimaita shi, domin na san wasu tsoro ne ya sa su, ba ƙiyayya ba. Baba ya yi kwana uku bai ce mini uffan ba. A dare na uku, bayan ya dawo daga wajen Malam Liman, ya kira ni turakarsa ya ce, "Karatu za ki je yi ko?" Na ce e, Baba. Ya ce, "To Allah ya yi miki albarka. Yayanki zai kai ki har ƙofar ɗakin da za ki kwana, sannan ya dawo." Shirin ya ɗauki kuɗin makaranta da masauki, amma fasfo da tikitin jirgi da guzuri a wuyanmu suke. Kowa a yankinmu ya san yadda ambaliyar 2022 ta bar manoman shinkafa, kuma har lokacin Baba bai gama miƙewa ba. Duk da haka ya fitar da shansherar da ya ajiye, ya haɗa da san da yake kiwo ya kai kasuwa. Sai daga baya na ji labarin san a bakin ƙanena. Baba, ban san da wane baki zan gode maka ba. Allah ya sa Aljanna ce sakamakonka. Malam Liman, kai ma Allah ya ƙara maka daraja, ka yi maganar da ta kwantar da hankalin gidanmu.

Makonnin farko sun yi mini nauyi ƙwarai. Na tafi da Larabcin littafi, na tarar da na kan titi daban. Mutanen Alƙahira suna mayar da jimun zuwa "g", Jamal ya koma Gamal, ƙaf kuma su haɗiye shi, sai ƙahwa ta zama ahwa. Malami a aji ina fahimtarsa, amma mai kanti ya yi magana sai in tsaya ina kallonsa. Wata dattijuwa mai kula da ɓangarenmu na mata, wadda duk muke kira Mama, ita ta zaunar da ni kusa da ita kullum bayan la'asar tana gyaran ganye tana koya mini kalma-kalma. Ranar da ta miƙo mini kwanon mulukiyya na ɗanɗana na gane lalo ne, hawaye suka zubo mini. Daga nan na fara gano gida a cikin abincinsu: bamiya kuɓewa ce, karkade zoɓonmu ne, dum kuma goruba ce suke jiƙawa su sha. A watan Disamba sanyin garin ya kwantar da ni da zazzaɓi da tari na kwana tara. Mama da 'yan'uwana ɗalibai mata 'yan Kano da Katsina da Damagaram, waɗanda suka riga ni zama a can, su suka yi karɓa-karɓa a kaina, wannan ta kwana, wannan ta dama kunu, wannan ta kwafo mini darasi. Ba su bari labarin ya iso kunnen Umma ba sai da na miƙe. Allah ya ba ku masu yi muku.

Malamaina na nan gida da suka rubuta mini takardar shaida, da na can da suka yi haƙuri da harshena har ya warware, na gode. Ƙanena kuma, autan Umma, wanda duk Juma'a da yamma yake ɗaukar waya ya riƙo hannun Umma su tafi kan gaɓar kanal inda sabis ke kamawa, don kawai mu ji muryar juna, ban manta ba.

Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne in ga iyayena a Masar. Umma ta shekara uku tana fama da yanar ido, na dama ya rufe gaba ɗaya, na hagu kuma sai dishi-dishi. Yaya, wanda harkar kasuwancinsa ke kai shi can lokaci-lokaci, shi ya shirya komai a ɓoye tare da Kawu, suka daidaita ranar aikin da ƙarshen jarrabawata. Suka taso daga filin jirgin Malam Aminu Kano, Baba da Umma karon farko ke nan da suka hau jirgin sama. Aikin kansa bai daɗe ba. Washegari da aka cire bandejin, ina durƙushe a gabanta, ta kama haɓata ta juya fuskata dama da hagu, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kin rame. Kuma bakin hijabinki ya warware." Zare ne guda ɗaya siriri. Yaya ya juya ya fuskanci bango. Yaya, Kawu, abin da kuka kashe ku kuka sani, abin da kuka mayar mana kuma mu muka sani. Allah ya buɗa muku ta inda ba ku zato. Likitan da ma'aikatansa su ma Allah ya saka musu.

Likita ya ce a jira mako guda kafin ta shiga ƙura da rana, kuma kada ta rabu da baƙin gilashi da maganin ɗigawa. Da ya ba da izini muka fara yawo, ni ce tafinta. Masallacin Azhar muka fara zuwa, wanda aka kammala gininsa a shekarar 972. Na gaya wa Baba abin da malaminmu ya koya mana, cewa a da ɗalibai baƙi kowace ƙasa da ɓangarenta a masallacin, kuma akwai wanda ake kira na Barnawa, inda mutanen yankinmu ke sauka bayan sun keto Sahara a kan raƙuma. Ya yi shiru, ya ce, "Su wata nawa suke yi a hanya, mu ko wuni ba mu yi ba." Muka yi Juma'a a masallacin Amru ɗan Asi, masallaci na farko da aka gina a Masar, muka ziyarci kabarin Imamu Shafi'i, muka hau ganuwar Salahuddin inda ake hango garin gaba ɗaya. A Giza, Umma ta zauna a kan wani dutse ta ɗaga kai tana bin babbar dalar da ido har ƙololuwa, ginin da ya haura shekara 4,500, wanda tsayinsa na asali ya kai mita 146. Ba ta ce komai a kan dalar ba, sai hamdala take ta yi a hankali. Baba kuwa dalar gyaɗar Kano ya tuna, wadda ya gani yana yaro da kakanmu ya je da shi birni.

Amma wurin da ya fi kama zuciyar Baba ƙarami ne, masu yawon buɗe ido ma ba su cika zuwa ba. A ƙarshen tsibirin Rauda, tsakiyar kogin Nilu, akwai wata rijiya mai matakala da aka gina a shekarar 861, a tsakiyarta ginshiƙin dutse mai zane-zanen awo. Da shi ake auna cikar kogi duk shekara. Idan ruwa ya kai kamu 16, an san shekarar ta yi albarka. Idan ya gaza, fari ne, idan ya zarce da yawa, ambaliya ce, kuma da wannan awon hukuma ke yanke harajin manoma. Tun da aka kammala babbar madatsar Aswan a 1970 kogin ya daina cika irin ta da, rijiyar ta zama tarihi. Baba ya sauka matakalar a hankali yana dafa bango, ya tsaya yana ƙirga zanen da yatsa daga nesa. Ya sa na maimaita masa bayanin sau biyu. Sai ya fara ba mai gadin wurin labarin kogin Haɗeja, yadda muke kwana da fargaba idan aka ce za a sako ruwa daga Tiga ko Challawa, da yadda kacala ke toshe hanyoyin ruwa har gona ta zama tafki. Mai gadin ɗan manoma ne daga kudancin Masar, shi ma ya kawo nasa. Kusan awa guda ina tsakaninsu ina juya Hausa zuwa Larabci, Larabci zuwa Hausa, har mai gadin ya aika aka kawo shayi. A duk wata biyar da na yi, ban ji daɗin karatuna kamar na wannan awa ɗin ba, kuma na san san Baba ne ya biya ta.

Da muka hau jirgin ƙasa zuwa Iskandariyya, bai ɗauke kai daga taga ba. Alkama kore shar dama da hagu, kanal bayan kanal, a ƙasar da ruwan saman da Alƙahira ke samu a shekara bai kai mamakon dare ɗaya na watan Agusta a wajenmu ba, amma mutum fiye da miliyan 100 ke rayuwa a gefen kogi ɗaya. Can ya ce, "Tawa yau take son ban-ruwa." Hankalinsa na gona. Saboda haka maƙwabtanmu na fadama da suka raba kwanakin ban-ruwan alkamar Baba a tsakaninsu har kwana goma sha shida, da injinsu da mansu, ba su karɓi ko sisi ba, ku ma da ku aka yi wannan tafiya. Mun dawo mun tarar da ita ta fi yadda ya bar ta. Gwaggo, wadda ta baro ɗakinta ta tare a gidanmu da yara da awaki da kaji, Allah ya bar zumunci. A Iskandariyya Umma ta ga teku karon farko, ta tsoma hannu ta ɗanɗana ta ce lallai gishiri ne, ta sa na cika mata 'yar kwalba za ta nuna miki.

Mai girma Dagaci da ya aiko a tarye mu, matan unguwa da suka kwana suna girki, 'yan Islamiyyarmu da suka zo da ɗalibansu, da duk wanda ya yi mana addu'a ko da a zuci, na gode, Allah ya saka da alheri. Wanda na ɓata wa kafin tafiya ko bayan dawowa, ya yafe mini.

Ranar Lahadi in Allah ya yarda zan koma makaranta. Waɗanda suka ba da saƙon littattafai da man habbatus sauda da turare, komai yana ɗakin Umma, an rubuta sunan kowa a jikin ƙullinsa. Ku zo bayan la'asar, da safe tana ɗiga magani tana hutawa.