Gajeriyar hanyar rabawa: inda yara ke tuntuɓe

Kafin a taɓa allo, a fara da kuɗi. A zana takardun ₦100 guda 7 da na ₦10 guda 2, a ce yara uku su raba ₦720. Kowa ya samu ɗari biyu, saura ɗari ɗaya. Yaya za a yi da ita? Sai a yi canjinta zuwa goma-goma guda 10, a haɗa da biyun can su zama 12, kowa ya ɗauki huɗu. A kan allo, sifilin ƙarshe na 720 ya hau sama wurin amsa, ta zama 240. Wannan canjin shi ne ƙaramin 1 ɗin da ake rubutawa a kafaɗar 2. Yaron da ya gan shi da idonsa ba ya mantawa da shi.

A nanata cewa daga hagu ake farawa, domin tarawa da ɗebewa sun saba musu da dama.

Babban ramin shi ne sifili a tsakiya. A ba su 618 ÷ 6, da yawa za su rubuta 13. Shida ba ta shiga cikin 1, sai su tsallake gurbin, alhali 0 ya kamata su rubuta, su kai 1 ɗin gaban 8 ya zama 18. Kada malam ya yi saurin gyarawa. Ya ce su buga 13 sau 6. Da sun ga 78, da kansu za su koma su nemo 103.

Idan saura ya kai lambar da ake rabawa da ita ko ya wuce ta, matsalar haddar sau ce, can za a koma.